Sunan da Ke Kan Takardar Sumana

Lahadi, 16 ga Nuwamba, 1969

Yau aka raɗa wa ɗana suna. Sumana, sunan Baba, Allah ya jiƙansa. Duk da azumi, da aka sha ruwa tsakar gidanmu a unguwar Alabar ta Kumasi ba wurin sa ƙafa. Na wanke besfata tun da safe na kafe ta a ƙofar gida. Wanda ya san ni ina yawo da ƙusoshi a faranti cikin Magazin, unguwar makanikai, yau ya zo ya ga mai shagon kayan gyara, mai abin hawa, mai ɗa namiji.

Abukari ne ya riƙe yaron lokacin aski. Yayan matata Azaratu ne, amma tun kafin ya zama surukina abokina ne, benci ɗaya muka zauna a makarantar midil. Ya sake ta da zancen al'adarsu ta Dagomba, wai mace in ta haihu sai ta koma gidan iyayenta har yaro ya fara tafiya. Na ce garinsu Savelugu ba famfo, ba likita, matata ba ta zuwa. Ɗana a Alabar aka haife shi, a Alabar zai yi rarrafe. Ya yi dariya ya ce, “To, Kirachi, ɗanka ne.” Muka tafa. Kirachi yake ce mini, wato ɗan boko, don na yi shekara biyu a sakandare shi bai yi ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Rediyo ta faɗa jiya, yau na karanta da idona a jarida. Duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu ya bar Gana. Na ce wannan zancen lebura ne da masu dako, ba nawa ba. Wani direba a Magazin ya ce in sake karantawa: ba inda aka haife ka ake dubawa ba, inda ubanka ya fito. Baba daga Doso ta Nijar ya zo, a ƙasa, kafin a haifi wannan direban.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Wata mai kifi da nake ciniki da ita shekara goma ta ce mini, “Ko wo kurom.” Tafi garinku. Na amsa mata da yaren Tuwi da ya fi nata kyau. Ba ta ji kunya ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Zan tafi Ankara, babban birnin Gana, in nemi fasfo na Nijar, da shi ake neman izinin zama. Kwana biyu ko uku. Na ce wa Abukari ya riƙa leƙa gida. Ya ce, “Je ka, ina nan.”

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Na dawo ba fasfo. Layin ya zagaye titi biyu, mutane da tabarminsu, ban ko ga ƙofar ba.

Ɗaki a share. Ba Azaratu, ba Sumana, ba akwatin kayanta. Tukunyar ruwan wanka an kife ta. Maƙwabciyarmu Mamunatu ta ce ranar Talata da safe Abukari ya zo da tasi, ya kai su tashar lorin arewa, ya haɗa su da wata gwaggonsu. Ta ce, “Ai mun ɗauka da saninka ne.”

Jaririn kwana goma sha shida. A lori.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Na same shi a Magazin a ƙarƙashin wata mota. Bai fito da sauri ba. Da ya fito ya goge hannu ya ce mu koma gefe, na ce a nan za a yi, kowa ya ji.

Ashe tafiyar ma ƙaramin abu ce. Kafin ya sa su a lori ya je ofishin rajistar haihuwa ya yi wa yaron takarda. A wurin sunan uba ya sa nasa. Sumana Abukari. Ba Sumana Munkaila ba. Ɗana, jinina, an mai da shi ɗan wani da biro.

Abin da na iya riƙewa cikin maganarsa: “In an rubuta Munkaila, baƙo ne tun yana shan nono.” Da kuma, “Da na tambaye ka, za ka yarda?” Na ce ba zan yarda ba. Ya ce, “Shi ya sa.”

Na kira shi ɓarawo a gaban fitoci masu gyaran mota. Na ce wanda ya saci akuya ya fi shi mutunci. Bai rama ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Shi ya riƙe kan yaron ranar suna, ya ji liman ya faɗi sunana a kunnen kowa. Mun tafa!

Asabar, 29 ga Nuwamba

Zan je in ɗauko iyalina. Daga Savelugu mu wuce Doso, in yi fasfo, in sa sunan yaron a ciki yadda Allah ya yi shi, mu dawo.

Ba zan hau lorin korarru ba, ana loda mutum kan buhu kamar doya. Da abin hawana zan tafi. Mamunatu ta ce, “Wannan 'yar abar ce za ta kai ka har Doso, ƙasar Faransi?” Na ce ƙarfen Turai ne, ba a auna shi da girma.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Na kulle shago, makulli a aljihuna, ban ba kowa ba. Galan ɗin fetur gauraye da baƙin mai, na ɗaure a wurin ajiye ƙafa. Akwati a baya kan tayar ko-ta-kwana. Takardar sakandare a cikin riga. Na je kabarin Baba. Na yi fatiha na taso.

Litinin, 1 ga Disamba. Atebubu

Hawan dutsen Mampong sai da giya ɗaya, besfa tana kuka kamar injin niƙa, amma ta hau. Loroli suna wuce ni maƙare da mutane, katifu, turmi, keken ɗinki, har ƙofar ɗaki na gani wani ya ciro. Suna ɗaga mini hannu. Ban ɗaga ba.

Bayan Ejura hanya ta lalace. Ƙananan tayoyi ba sa son rami, duk ramin da mota za ta tsallake ni sai na shiga cikinsa na fito. Kuturina ya mutu. Malamai sun ce matafiyi na iya ajiye azumi. Ban ajiye ba. Ni ba gudu nake yi ba, tafiya nake yi.

Talata, 2 ga Disamba

Yau wa'adin ya cika. Daga yau ni mai laifi ne a ƙasar da aka binne cibiyata.

Besfa ta mutu mini a daji kafin Prang. Fulogi. Na buɗe aljihun kayan aiki ina zagin kaina don na manta ban ɗauko ba, ni mai sayar da su. Sai ga sababbi biyu a naɗe cikin tsumma, da tib, da wayar kuloci. Tsumman na san shi, yankin tsohuwar rigar aikin Abukari ce. Ko yaushe ya sa, oho. Wataƙila ranar Asabar da na bar ta a ƙofar shago.

Wato ya san zan bi su. Ya san ni har haka, ya kuma yi abin da ya yi.

Na sa fulogin. Me zan yi, in kwana a daji don fushi?

Laraba, 3 ga Disamba. Yeji

Bakin ruwa. Jirgin fito ɗaya ne, loroli sun fi a ƙirga, wasu kwanansu huɗu a layi. Mutane sun yi gari a gefen hanya, ana girki, ana shanya, ana bahaya duk wuri ɗaya. Mai jirgin ya ce ni ba sai na bi layi ba, zai cusa ni tsakanin motoci gobe da safe. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce ga amfanin ƙaramin abu.

Da la'asar wani ya kama hannun rigata. “Massa Munkaila.” Boukari ne, mai dako a kasuwar Kumasi, ya sha kawo mini kaya shago. Ban taɓa tambayarsa sunan garinsu ba. Matarsa Safura tana zaune a inuwar lori da 'yarsu, wata biyu da haihuwa, gudawa tun shekaranjiya, ta daina kama nono. Ya ce an ce akwai ɗakin magani a cikin gari, mil biyu, kuma direbansu ba zai fita daga layi ba.

Na ce ya hau. Ya rungume jaririyar tsakanina da shi. Ina jin ɗuminta a bayana ta cikin riga, wuri kaɗan, kamar an ɗora mini tafin hannu. Na tafi a hankali, ina kauce wa ramuka iyakar iyawata. Yana ta cewa, “Sannu, Massa, Allah ya biya.”

Da muka isa mai maganin ya buɗe zanen ya duba, ya mayar ya rufe.

Ban san a wane ramin hanya ta cika ba. Ina ta tunani. Ɗumin bai canja ba har muka tsaya.

Mun binne ta kafin magariba a wani tudu, mu tara. Da galma aka yi ramin. Safura ba ta yi kuka ba, tana ta matse gaban rigarta da ya jiƙe.

Alhamis, 4 ga Disamba. Salaga

Na ƙetare. Na sha ruwa da rana tsaka yau. Zan rama.

Juma'a, 5 ga Disamba

'Yan sanda a shingen kafin Tamale. Na yi musu Turanci, na nuna takardar sakandare. Ɗaya ya juya ta baya ya ce, “Mai kyau. Ubanka fa?” Na ce ina kan hanyar fita ne. Ya ce to in ci gaba da fita, kada ya sake ganina ta wannan gefen. Sun fi sha'awar besfar da ni, ɗaya har ya danna ham.

Asabar, 6 ga Disamba. Savelugu

Mil ɗari biyu da hamsin a kan 'yar abar Mamunatu. Yara sun bi ni har ƙofar gida.

Na shigo da maganata a shirye tun daga Alabar, amma a nan ba a fara magana sai an gama gaisuwa. Sai da na tuɓe takalmi na tsuguna gaban surukina Baba Zuberu, da wandona mai kari, yana tambaya ina amsawa da “naa, naa”: hanya, gajiya, Kumasi, azumi, sanyi. Kafin a gama rabin wutar ta mutu a bakina. Ina jin da gangan suka ƙirƙiro wannan gaisuwar.

Na ce na zo ɗaukar iyalina. Ya ce, “Ɗana, ba a ƙwace maka mata ba. Ta zo gida wanka kamar uwarta, kamar kakarta. Ran da yaro ya taka ƙasa da ƙafarsa, ka aiko da goro, a kai maka su.” Na ce takardar fa? Ya ce shi bai san takarda ba, bai iya karatu ba, a gidan nan kowa Sumana ɗan Munkaila yake cewa.

A gidan nan. Gwamnati ba a gidan nan take ba.

Lahadi, 7 ga Disamba

An bar ni na ga Azaratu a ɗakin uwarta, Mma Fusena tana bakin ƙofa tana tsinke gyaɗa, kunnenta a wurinmu.

Yaron ya yi kumatu. Goshin Baba sak. Na ɗauke shi, ya yi mini fitsari a wando, Mma Fusena ta ce ya gane ubansa.

Na ce wa Azaratu ta haɗa kaya, yayanta ya ci amanarmu amma zan gyara. Ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, “Ni na aiki Yaya.”

Na ce me?

“Ni na ce ya je. Ya ƙi har sau biyu. Ya ce Kirachi ba zai sake yi masa magana ba. Na ce gara ya rasa aboki.”

Matar da na kai asibiti a tasi, na saya mata keken ɗinki, ban taɓa ɗaga mata murya ba. Kwana huɗu kafin in tafi Ankara ta san abin da za ta yi, tana zuba mini kunu tana yi mini sannu.

Na ce ko ta so ko ta ƙi da ɗana zan tafi. Ta leƙa ta taga inda besfar take jingine da rumbu, ta ce, “A ina zan zauna da shi, Baban Sumana? Tsakanina da bayanka?”

Ba ta san komai game da Yeji ba. Ban gaya wa kowa ba.

Na fita.

Litinin, 8 ga Disamba

Na gaya wa Baba Zuberu a gaban mazan gidan: zan je Doso in yi fasfo, da hatimi, da sunan Sumana Munkaila a ciki, in dawo, mu ga takardar da ta fi ƙarfi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya. Mma Fusena ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da dakakken gero a bayan akwati ba ta tambaye ni ba. Azaratu ta fito har zaure da yaron. Ban juya ba. A madubi na gan su.

Alhamis, 11 ga Disamba. Bayan Bawku

Sallah. Na yi idi a filin bakin iyaka cikin dubban mutane, ba wanda ya sa sabon kaya. Bara a Kumasi ni na ɗauki Abukari a baya muka je idi, babbar rigarsa ta shiga taya, muka faɗi gaban 'yan mata.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

An buga mini wata 'yar takarda an ce in wuce. Ba wanda ya tambayi sunan makarantata.

Juma'a, 12 ga Disamba

A ƙasar Faransi dama ake bi, ba hagu ba. Sau uku yau na tsinci kaina a hannun Gana, na ukun saura kaɗan wata tanka ta shafe ni. Direban ya zage ni da yaren da ban sani ba.

Litinin, 15 ga Disamba. Fada Ngurma

Wayar kuloci ta tsinke. Na sa ta Abukari. Tib ma nasa ne a tayar baya tun Tenkodogo. Besfar nan yanzu rabinta Abukari ne.

A rumfar da muka sauka yara uku suna ƙyanda. Na koma gindin bishiya.

Lahadi, 21 ga Disamba. Ƙauyen Baba, gabas da Doso

Na iso. Ƙafar baya ta karkace, fitila ta fashe, ham ya daina kuka, amma ta kawo ni. A rubuta wannan.

Ƙanin Baba, Baffa Mamudu, ya rungume ni ya yi kuka, ya ce goshin yayansa. Daga nan magana ta ƙare, Zabarmancina na gaisuwa ne kawai, Hausata kuma dariya take ba su. Ɗan Kurmi suke ce mini. A can baƙo, a nan ɗan Kurmi.

Damina ba ta yi kyau ba, ga waɗanda aka koro sun cika gidaje. Rijiya ɗaya, gaba ashirin. Fura sau ɗaya a yini, su suna ba ni kaso mafi yawa, ina sha ina jin kunya.

Talata, 30 ga Disamba

An binne yara biyu a makon nan, duka na waɗanda suka dawo daga Gana. Baffa ya ce ruwan ne bai karɓe su ba.

Asabar, 10 ga Janairu, 1970

An ce in kawo shaidu biyu da suka san Baba kafin a ba ni takardar da za ta kai ni ga fasfo. Baffa da limamin ƙauye za su je. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a besfa zuwa Doso don su ga hanya, liman yana ta salati.

Na fara wa Abukari wasiƙa don in gaya masa abin da yake. Shafi biyu. Na karanta, duk zancen kabureta ne da yadda yashi ke shiga. Na yaga.

Talata, 20 ga Janairu. Doso

An yi. Shaidu sun rantse, an ɗauki hotona, na dangwala yatsa kamar wanda bai taɓa riƙe biro ba, don komai da Faransanci ne. Akawun yana tambaya, wani dattijo yana mayar mini da Hausa. Suna. Sunan uba. Sana'a. Mata, na ce ɗaya, Azaratu, tana gidansu a Gana.

Ya ce 'ya'ya fa? In akwai a faɗi suna a rubuta, su ma su zama 'yan ƙasa, su shiga fasfon ubansu.

Mil ɗari takwas na yi don wannan layin. Na gan shi a takardar, fari, da ɗigo-ɗigo.

Baffa ya buɗe baki zai amsa, na taka masa ƙafa.

Na ce a bar wurin tukuna.

Akawun ya ja layi ya buga hatimi. A hanya Baffa ya yi ta tambayata da hannu, na yi kamar ƙarar inji ta hana ni ji.

Ba wai na yafe ba ne. Ba wanda ya yi daidai, ƙarya ƙarya ce ko da hatimi. Kawai yaron bai yi ƙwari ba, kuma ana iya ƙara suna daga baya, na tambaya, an ce ana iyawa. In ya yi tafiya. In ya yi wayo ya tambaya, ni zan gaya masa da bakina ko ɗan wane ne.

Yau watansa biyu da kwana goma sha ɗaya. Ya kamata a ce ya fara murmushi.